Karaya: wadda ɗori ke isa, da wadda sai an shiga ɗakin tiyata

A garuruwan gundumomin Mayahi da Tasawa, idan babur ya kayar da mutum ya karya masa ƙafa, kafin a gama salati jama'a sun rabu gida biyu. Wasu na cewa a nemi mota a kai shi likita, wasu na cewa a wuce gidan mai ɗori. Kuma da wuya a rasa wanda zai jefo maganar da ke kashe bakin kowa: kada ku kai shi asibiti, yanke ƙafar za su yi.

Tsoron yana da tushe. Daga Sarkin Hausa har Korgom, kusan kowa ya san wani da ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Sai dai ba a cika tambayar kwana nawa ƙafar ta yi a ɗaure a gida kafin a kai ta ba, ko a wane hali ta isa. In ban da raunin da ya dagargaza gaɓa tun a wurin hatsari, abin da likita ke yankewa nama ne da ya riga ya mutu, wanda in aka bar shi gubarsa za ta bi jini ta kashe mai shi.

Ƙashi shi ke ɗora kansa

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba mai ɗori ke haɗa ƙashi ba, ba kuma likita ba. Ƙashi abu ne mai rai, da ɓargo da jijiyoyin jini a cikinsa. Idan ya karye, jini kan taru ya daskare a bakin karayar. Cikin mako biyu zuwa uku wannan gudan jini ya rikiɗe ya zama wani abu mai taushi kamar guringuntsi da ke riƙe ɓangarorin biyu, daga nan ya yi ta tauri har ya zama ƙashi. Dunƙulen da ake ji a ƙarƙashin fata bayan an kwance ɗori shi ne sabon ƙashin, kuma jiki kan ci gaba da sassaƙe shi wata da watanni. A nan aikin mai ɗori da na likita ɗaya ne: a daidaita ɓangarorin, a hana su motsi, a jira. Hannun yaro kan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. Ƙwaurin babba ko cinyarsa kan ci wata uku, wani lokaci har shida.

Shi ya sa masu ɗori suke da shaidu da yawa, kuma shaidun ba ƙarya suke yi ba. Karayar da fata ba ta fashe ba, ƙashin bai goce sosai ba, ba ta kuma shiga gaɓa ba, za ta warke a hannun duk wanda ya iya ɗaure ta daidai. Ko a asibiti irin wannan ba a yi mata aiki, filasta ake naɗawa a sallami mutum. Ga shi mai ɗori yana kusa, sana'arsa ta gado ce da ake ganin girmanta, ba ya neman kuɗi kafin ya taɓa ka, sau da yawa ma sai an warke ake kai masa abin da ya sawwaƙa. Duk wanda ya shiga karkara yana zagin masu ɗori ba zai samu mai sauraro ba. Matsalar ita ce hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin nama. Tun 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki, wanda hotonsa muke kira radiyo, likita ya samu fitila, mai ɗori kuwa har yau lalube yake yi.

Inda ɗauri ke kashe gaɓa

Gaɓar da ta karye tana kumbura, kuma kumburin ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko. Idan aka jera kara ko tsinken itace aka tamke da tsumma tamau tun ranar farko, naman da ke son kumbura ba shi da wurin zuwa. Sai ya matse jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Tsokar da ta yi kamar awa shida ba jini ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Jiki yana ba da labari tun da wuri. Zafi ya yi ta ƙaruwa maimakon ya ragu, har maganin zafi ya kasa. In aka miƙe yatsun majinyaci sai ya yi ƙara. Yatsun su yi sanyi, su dushe ko su yi baƙi-baƙi, ya ce ba ya jin su ko suna masa kamar tafiyar tururuwa, fata ta yi ƙuraje masu ruwa a gefen karan. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne ake cewa yaro ya yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa, wani ma a nemo masa tramol ya samu barci. Garin neman gira ke nan a rasa ido. In an yi sa'a, hannun ya tsira amma ya ƙanƙance, yatsu su lanƙwashe su ƙi buɗewa har abada. In ba a yi ba, bayan mako guda wari ya fara tashi, a lokacin ne ake neman mota.

Wannan bai tsaya ga ɗorin gargajiya ba. Filastar asibiti ma tana iya matsewa. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, ko wa ya yi ɗaurin, a sassauta shi nan take, a nufi likita ko da tsakar dare ne.

Karayar da ba ta jiran gobe

Ta farko ita ce wadda fata ta fashe, ko ƙashin ya leƙo ko bai leƙo ba. Ita ce karayar ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu, domin ƙwauri ba shi da naman da zai kare shi, kuma shi mota ke fara samu. Ƙashin da ya taɓa ƙasar hanya ya kwashi ƙwayoyin cuta, balle hanyar da dabbobi ke bi ranar kasuwa. In aka mayar da shi ciki haka nan, aka shafa man shanu ko garin magani aka rufe, an rufe cuta ne a cikin ɓargo. Daga nan ake samun ƙafar da ke yoyon mugunya shekara da shekaru, ta rufe ta sake fashewa, wani lokaci guntun mataccen ƙashi ya fito da kansa. Ga kuma tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya datse haƙora. A asibiti ana so a yi wa irin wannan majinyaci allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ta farko in da hali, da ta tetanos, sannan a shiga da shi ɗakin tiyata a wanke raunin da ruwa mai yawa, a cire duk naman da ya mutu. Sau da yawa ana riƙe ƙashin da ƙarafa daga waje, a huda kusoshi sama da ƙasan karayar a haɗa su da sanda, don a samu damar wankin ciwo kullum. Abin yana da ban tsoro a ido, amma ƙafafu da yawa da shi suka tsira.

Ta biyu ita ce wadda ta shiga gaɓa: gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu. Fuskar gaɓa santsi gare ta, kuma ko tudun da bai wuce kaurin ƙwayar gero ba aka bari, zai yi ta gogar guringuntsi har ya cinye shi. Mutum zai ce ya warke, bayan ƴan shekaru ya kasa durƙusawa a sallah.

Iyaye su kula da gwiwar hannun yara musamman. Yaron da ya faɗo daga goriba a Gulbin Kaba, ko daga mangwaro, jaki ko amalanke, da hannu yake tokare ƙasa, kuma ƙashin damtse kan karye daf da gwiwar hannu. A daidai wurin ne babbar jijiyar jini da jijiyoyin motsa yatsu ke wucewa. Wannan karaya ce ta fi kowace jawo shanyewar hannu a ɗauri mai tsanani, alhali aikinta a asibiti bai taka kara ya karya ba: a daidaita ƙashin yaro na barci, a soka siraran ƙarafa biyu ko uku, a zare su bayan mako uku zuwa huɗu. Haka kuma a ƙarshen kowane dogon ƙashin yaro akwai wurin da yake tsawo daga gare shi. In karaya ta lalata wurin, ƙafa ɗaya na iya tsayawa ɗaya ta ci gaba da girma, ko ta karkace, kuma ba za a gane ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Sai cinya. Babban mutum yana da jini kamar lita biyar, kuma karayar cinya kaɗai na iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin nama, ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Tsokar cinya kuma tana da ƙarfin da take janyo ɓangarorin su hau juna, shi ya sa ake ganin waɗanda suka warke da ƙafa ɗaya gajera suna ɗingishi. A da, ko a Turai, sai dai a kwantar da mutum a rataya wa ƙafar nauyi wata biyu zuwa uku. A 1939 wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, ya fara zura doguwar sandar ƙarfe a cikin ramin ɓargo ta riƙe ƙashin daga ciki. Da farko abokan aikinsa sun yi masa ca, sai da fursunonin yaƙin duniya na biyu suka koma Amurka suna tafiya da ƙarfe a cinya sannan duniya ta yarda. Yau ita ce hanyar da aka fi bi, kuma wanda aka yi wa kan tashi da sanduna cikin ƴan kwanaki. Ga manomin da ya karye a watan Afrilu, bambancin shi ne ko zai ga gonarsa a daminar bana ko sai baɗi.

Tsofaffi kuma nasu daban ne. Tsohuwa ta zame a makewayi ko bakin rijiya, ta kasa tashi, ƙafar ta juya waje ta ɗan gajarta. Sai a ce targaɗe ne, a yi ta gashi da ruwan zafi. Mafi yawan lokaci wuyan ƙashin cinya ne ya karye a cikin ƙugu, wurin da kara ba ya kaiwa, kuma jinin da ke ciyar da kan ƙashin ya yanke. Abin da ke kashe tsofaffi a nan kwanciyar ce: gyambon baya, ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya. Aikin da ake yi, ko a ɗaure da kusoshi ko a sauya kan ƙashin da na ƙarfe, manufarsa a tayar da ita zaune da wuri.

Gocewar gaɓa ma tana cikin masu gaggawa. Kafaɗar ɗan kokowa da ta fita, ko ƙugun wanda gwiwarsa ta bugi gaban mota, in aka kai da wuri ana mayar da su cikin mintoci bayan an yi allurar barci. Ƙugu ana so a mayar da shi cikin awa shida. In aka bar gaɓa a goce makonni, nama ya cike gurbin, sai an tsaga.

Daga Sarkin Hausa, ina aka nufa?

Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne. Ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar CSI, sai asibitin gunduma, sai na jaha, sai manyan asibitocin ƙasa. A CSI ba a aikin ƙashi, amma kada a raina ta: a nan za a tsayar da jini, a yi allura, a tallafe ƙafar, majo ya rubuta takardar turawa gaba. Asibitocin gunduma na Mayahi da Tasawa su ne mataki na biyu. Tun tsakiyar shekarun 2000 ƙasar ta fara bai wa likitoci horon tiyata na shekara guda don su riƙe asibitocin gunduma, amma ƙarfin wannan horo ya fi karkata ga haihuwa ta hanyar aiki da ciwon ciki na gaggawa. Karayar da ke son ƙarfe galibi sai Maraɗi, a asibitin jaha na CHR ko babban asibitin Référence. Daga Tasawa tafiyar kusan kilomita 120 ce a kan babbar hanya, wasu kuma Damagaram suke nufa. Akwai asibitin Galmi a jahar Tawa, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya kuma yi suna a tiyata. Masu hali kan tsallaka Kano, asibitin ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959.

Nisan gaskiya ne, ƙarancin likitocin ƙashi a ƙasar ma gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, ga baburan da ke ƙaruwa kullum a garuruwanmu. A ganina, tunda ba a iya kai likitan ƙashi kowace gunduma a yau, abin da ya fi kusa shi ne a zauna da masu ɗori, a nuna masu karayar da za su riƙe da wadda za su tura, da yadda ake ɗauri ba tare da an shaƙe jini ba. Mai ɗorin da ya ce wannan ta fi ƙarfina bai zubar da girmansa ba.

Ciwon gaɓa da ba hatsari ya kawo ba

Ba duk mai zuwa wurin likitan ƙashi ne ya faɗi ba. Matashi mai sikila da ya fara ɗingishi yana kukan ƙugu ko makwancin cinya, a yi masa radiyo. Ciwon kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali ya lotsa. Magungunan sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda mata ke saye a hannun ƴan talla, su ma suna jawo irin wannan lalacewa idan aka daɗe ana sha. In an gano da wuri ana iya rage wa ƙugun nauyi a jinkirta lalacewar. In ya riga ya lotsa, sai sauya gaɓar baki ɗaya, aikin da likitan Ingila John Charnley ya daidaita a farkon shekarun 1960. Aiki ne mai kyau amma mai tsada, kuma gaɓar ƙarfe tana da iyakar shekarunta, shi ya sa ba a gaggawar sa wa matashi.

Amosanin gwiwa na manya, wanda guringuntsi ke cinyewa saboda shekaru, nauyin jiki da aikin wahala, mafi yawansa ba ya bukatar wuƙa. Rage ƙiba, motsa gaɓar da riƙe sanda suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Abin gudu shi ne shan ƙwayoyin kashe zafi na kan tebur kullum, domin suna cin ciki su lalata ƙoda. Amma yaron da gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafar, wannan ba amosani ba ne. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru a ciki, kuma kwanaki kaɗan sun isa ta cinye gaɓar.

Akwai kuma jaririn da ake haifa da ƙafa a murɗe, tafin na kallon ciki. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa dubu haka take zuwa. Ba shan inna ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Hanyar da likita Ignacio Ponseti ya fito da ita a Amurka ba ta bukatar babban aiki: a lanƙwasa ƙafar a hankali a sa filasta, a sauya kowane mako, sau biyar ko shida, a ɗan tsinka jijiyar dunduniya, sannan yaro ya riƙa sa wasu takalma masu sanda a tsakani, daga baya da dare kawai, har ya kai shekara huɗu ko biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka bari har ya girma yana taka gefen ƙafa sai an yi masa babban aiki, irin wanda asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yake yi, tare da gyaran ƙafafun gwame da gaɓɓan da ƙuna ta manne.

Kuɗi, da maganar ƙarfe a jiki

Ba a ɓoye cewa aikin ƙashi yana cin kuɗi. Ga mota, ga radiyo, ga magani, ga jini in an bukata, ƙarfen da za a sa ma galibi dangi ke saye, ga kuma abincin masu jinya a garin da ba naka ba. Mutum kan sayar da akuya ko buhun gero kafin a taɓa shi. Amma a yi lissafin duka biyu. Sabuwar karaya aiki ɗaya ce. Wadda ta haɗe a karkace sai an sake karya ta, wadda ta ƙi haɗewa sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu an cike, wadda ta ruɓe kuwa aiki biyu ko uku ne da watanni a gadon asibiti. Dangi da yawa sun biya sau biyu, na biyun ya ninka na farko.

Game da ƙarfen, ba ya tsatsa, ba ya jawo tsawa, ba ya hana haihuwa. Wani ana cire shi bayan shekara ɗaya ko biyu, wani a bar shi har ƙarshen rai. Sai dai ƙarfe riƙo kawai yake yi kafin ƙashi ya haɗe. Wanda ya jefar da sanduna ya hau babur ko ya ɗauki buhu kafin likita ya ba shi izini zai iya karya ƙarfen kansa. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi, haka ciwon suga da ba a kula da shi ba. Motsa gaɓar da ake koya wa majinyaci bayan aiki kuma rabin magani ne, domin gwiwar da aka bari wata uku ba lanƙwasawa takan sandare ko da ƙashin ya haɗe sumul.

A wurin hatsari, kafin mota ta zo, kada a ja ƙafar, kada a tura ƙashin da ya fito. A rufe raunin da tsumma mai tsabta, a danne in jini na zuba. A samu katako, kwali mai kauri ko kara a tallafe gaɓar daga sama da ƙasan karayar, a sa tsumma a tsakani, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga, a bar yatsu a waje ana dubawa. A cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Wanda ke kukan wuya ko baya a ɗauke shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, ba a naɗe a bayan babur ba. Kada kuma a ba shi fura ko abinci don tausayi, domin in za a yi masa allurar barci ana son cikinsa ya yi kamar awa shida ba komai. A riƙe lokacin da hatsarin ya faru, likita zai tambaya.